Yadda na zaɓi zanen sito a bayan gidana a Birnin Kebbi

Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Kebbi a ƙarshen 2015, ma'aikata da yawa irina suka faɗa noman rani, kuma kusan dukanmu abu ɗaya ke damunmu bayan girbi: Allah ya ba da shinkafa, amma babu inda za a ajiye ta. Gidajen da muka gina a sababbin unguwannin Birnin Kebbi ba a yi su da tunanin rumbu ba. Fili ne ƙafa 50 a 100, a yi zaure da falo da ɗakuna da kicin, sai ɗan sarari a baya inda ake shanya da girkin icce. Ga shi shinkafar rani tana isowa gida ne dab da faɗuwar damina, lokacin da barin buhu a waje ganganci ne. Nawa buhunan wasu a zaure suke kwana, wasu a ɗakin samari. Injin ban ruwa da tiyo suna ƙarƙashin tanki, taki kuma a lungun kicin, kusa da inda ake ajiye gero.

Abin da ya sa na daina jan ƙafa shi ne maganar wani malamin gona da muke sallah masallaci ɗaya. Muna hira na ambata masa cewa har buhunan wake na tura ɗakin da yara ke kwana, kuma ina shirin sa musu ƙwayar nan ta kashe ƙwari. Sai ya dafa ni ya ce, "Malam, kada ka kuskura ka sa ta a ɗakin da ake kwana, ko wanda ya haɗa bango da shi. Da ta sha danshi take fitar da iska mai guba, kuma ba ta bambanta ƙwaro da mutum." A daren na yanke shawarar gina sito rabe da ɗakunan kwana. Ginin kansa bai ci mini lokaci ba kamar tsayar da irin wanda za a gina. Duk wanda na tambaya da tasa shawarar, kuma kowace da gaskiyarta. Shi ya sa zan faɗi inda na bi ɗaya bayan ɗaya, don mai irin wannan niyya ya san wa zai fara gani da abin da zai riƙe a hannu.

Ɗan ƙanwata ne ya fara kawo mini zane. Ya ce, "Kawu, ai ba sai ka wahala ba, intanet cike take da su, wasu ma kyauta." Ya sauko da su a waya, muka je shagon kwamfuta aka buga mana, na biya naira 2,000. Gwanin sha'awa ne: ƙananan ɗakuna masu fenti, da taga, da kantoci a ciki. Da muka zauna yana karanta mini bayanan, sai na lura kusan duka daga Amurka da Ingila suke, kuma daga ƙasa har sama katako ne. Ginshiƙan bango kowane inci 16, a rufe da faffaɗan allon katako mai ƙafa 4 a 8. Rufin a tsaye sosai don dusar ƙanƙara ta zame. Wasu ma an ce a haƙa ramin ginshiƙi ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa da sanyi. Har da batun izini a ciki: a wurare da yawa a Amurka ba a neman izini idan ɗakin bai wuce murabba'in ƙafa 120 ba, wasu wuraren 200, a Ingila kuwa idan ya kusanci iyakar maƙwabci da ƙasa da mita 2 tsawonsa ba zai haura mita biyu da rabi ba. Waɗannan dokokinsu ne, kuma can suka tsaya. Amma takardun sun koya mini abu ɗaya da ya amfane ni har ƙarshe, wato yadda cikakken zane yake: akwai shimfiɗar ƙasa da awonta, akwai yadda kowace fuska za ta fito, akwai inda aka tsaga ginin don a nuna tushe da rufi, sannan akwai jerin kayan da za a saya har ƙusa. Tun daga nan ban sake karɓar hoto kawai a matsayin zane ba.

Da takardun na tafi 'yan katako wurin kafintan da ya yi mini rufin gida. Ya jujjuya su a tsanake, ya ce yi kam za a iya yi, amma da wane katako? Nasu na can, wanda zai zauna kusa da ƙasa, tun a masana'anta ake dura masa magani da ƙarfin inji ya ratsa shi. Namu daga kudu yake zuwa, sau da yawa da sauran ɗanyantaka, iskar hunturu na bugunsa sai ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma maganin da muke yi masa shafe ne a bisa fata, ko na kanti ko baƙin mai. Ya shiga bayan rumfarsa ya ɗauko mini guntun tu-bai-fo da aka ciro daga wani rufi. A ido lafiyayye ne. Da na karɓa sai na ji ba nauyi, na danna da babban yatsa ya lotsa, jar ƙasa ta zubo mini a tafin hannu. Gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Ya ce, "Alhaji, wannan a sama yake, ƙafa goma daga ƙasa. To ina ga ɗakin da katakonsa ke zaune a kan ƙasa?" Ya yi mini lissafi a bayan takardar, kuɗin katakon kaɗai ya fi na bulo, ga shi bangon allo ba ya tsayar da ɓarawo mai ƙarfe a hannu. Kafin in tafi ya ba ni shawarar da ta zama ginshiƙin zanen da na ƙare a kai. Ya ce katako a kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, kwano na gama-gari ƙafa 6, guda 20 a bandir. Duk awon da zan zaɓa in sa ya dace da waɗannan, in ba haka ba zan biya kuɗin abin da za a yanke a zubar, ko a yi ta haɗe-haɗen da ke raunana rufi.

Daga nan sai mai walda. Tsarinsa ya fi kowanne sauri da sauƙin kuɗi: bututun ƙarfe a matsayin ginshiƙi, kwano a bango, kwano a sama, kuma idan ka tashi daga gidan ka kwance abinka. Na ji ya kwanta mini, amma na roƙe shi ya kai ni in ga wanda ya riga ya yi wa wani. Muka je bayan azahar, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Mai gidan ya buɗe mana, na sa kai, sai na ji kamar na leƙa tandar mai burodi. Jarkokin roba da ya ajiye a gefe sun yi laushi. Ya ce mini babur da kayan aiki ba su damu ba, amma irin shuka da ya ajiye bara bai tsira da kyau ba, kuma da damina, da asuba, kwanon kan yi gumi daga ciki ya ɗiga a kan buhu. Mai waldan bai musa ba. A ganina wannan tsari ya dace da mai ajiyar ƙarafa, ko ɗan haya da ba zai zuba siminti a filin wani ba. Hatsi kam a'a.

Mahaifiyata ce ta ce in je in ga tsohon maginin da ya yi ginin gidanmu na cikin gari. Dattijo ne, ya daina hawa bango, amma ya yarda ya biyo ni. Na miƙa masa takardun, bai ko buɗe ba. Ya zagaya bayan gidan da sandarsa, ya tsaya ya ce, "Yaro, mi za ka aje ciki?" Na ce shinkafa. Ya ce buhu nawa? Sai mi kuma? Wa zai riƙa buɗewa, kai ko iyali? Wata nawa take yi kafin ka sayar? Duk wanda na gani kafin shi da irin ginin ya fara, shi kaɗai ya fara da kayan. Sannan ya nuna gabas da sandar ya ce hadarin garin nan daga can yake tasowa, ƙofa ba ta kallon gabas, kuma gefen rufin da ya fi ƙasa shi ake juya wa iska. Ya ce, "Duk kwanon da kag ga iska ta yaye farkon damina, ba ƙusa ta gaza ba. Katakon ne ba a ɗaure shi da gini ba, sai ta ɗauke su tare." Maganinsa langa-langa ko rodi da aka binne a cikin linta, a lanƙwaso shi a kan katakon da ke kwance bisa bango.

Shi dai Baba ginin ƙasa yake so, da rufin azara, kuma ya yi gaskiya cewa babu abin da ya kai shi sanyi. Kowa ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana ya san haka, kuma gara ba ta cika damun azarar giginya ba. Amma bai ɓoye mini sauran ba: yaɓe kusan kowace shekara, masu haɗa makuba sun yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada, ɓera na haƙa gindin bango, kuma kaurin bangon kansa zai cinye mini fili. Da a ƙauye nake da sarari da mai kula, wallahi na ƙasa zan yi, har yanzu ra'ayina ke nan. A bayan gida mai ƙafa 30 a 50, ga aikin ofis, bulon siminti ya fi dacewa da ni, da sharaɗin a ɗaga bango a kuma bar wa iska hanya.

Tambayoyin Baba suka sa na koma gida na ɗauki tef na auna kayana maimakon filin. Buhun shanshera a kwance ya ɗan haura ƙafa 3 a tsawo, faɗinsa kusan ƙafa 2. A shekara mai kyau nakan samu buhu 40. Malamin gona ya ce kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango: a jera shi a kan katako, a bar ratar da mutum zai iya zagayawa ya duba. Ya ƙara da cewa kowane irin sito aka gina, shinkafar da danshinta ya haura kashi 14 cikin 100 za ta lalace a ciki, don haka a shanya ta har sai an ciza ta ce ƙas. Da na lissafa buhu 6 a kowane layi, hawa 7, da ratar zagaye, sai na ga ɗaki mai kimanin ƙafa 9 a 10 daga ciki ya ishe ni. Taki da maganin feshi da fetur ɗin inji kuwa ba sa zama da abinci, dole a yi musu nasu ɗan ɗaki da ƙofarsa daban. Maiɗakina ta ƙara nata: ba ta yarda a taɓa wurin murhunta ba, kuma tana son ƙofar sito ta zama inda za ta hango daga kicin, tunda ita ce a gida da rana. Wannan ma ya shiga lissafi.

Sai a lokacin na nemi mai zane. Wani matashi aka haɗa ni da shi, wanda ya karanci zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke nan garin. Muka yi ciniki a naira 25,000, rabi kafin aiki, rabi bayan ya kawo, da sharaɗin gyara idan hukuma ta nema. Wannan sharaɗi a yi shi tun farko. Ya zo da tef da littafi, ya fara da tambayar ina sokawe yake. Ashe kusurwar da kowa ke nuna mini a matsayin wurin da ya fi dacewa, rabinta a kan murfin sokawe take. Ya ce ba a ɗora gini a kai, murfin ba don nauyi aka yi shi ba, kuma ran da ya cika motar kwashewa za ta buƙaci hanya. Ya ɗaga kai ya duba wayar lantarki da ta ratso daga turke, ya auna nisan dogon yaron da ke tsakar gida saboda saiwa. Sannan ya tambayi inda ruwa ke kwanciya in an yi ruwan sama mai ƙarfi. Maiɗakina ce ta amsa wannan. Ta kai shi jikin katanga ta nuna masa layin da ruwa ya bari, baƙi-baƙi da ɗan kore, kusan taƙi ɗaya daga ƙasa. Nan take ya rubuta a ɗaga daɓen sito layin bulo uku sama da tsakar gida.

Na kawo masa shawarar da mutane da yawa suka ba ni, wai a jingina siton da katangar baya don a rage kuɗin bango ɗaya. Ya ƙi sam. Ya ce tushen katanga ba shi da zurfi, ba a yi ta don ɗaukar rufi ba, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba. Zanen da ya kawo bayan kamar mako guda ga yadda yake: ƙafa 10 a 16 daga waje, bango a tsakiya ya raba ɗakin hatsi da na kayan aiki, ƙofofin ƙarfe biyu suna kallon yamma wajen tsakar gida inda inuwar dogon yaro ke faɗawa da la'asar. Rufin zubi ɗaya ne, ya gangara gabas. Faɗin ƙafa 10 ya sa katako mai ƙafa 12 ya haye da saura a kowane gefe ba tare da haɗi ba, kwano layi biyu, guda 9 a kowane layi, wato bandir ɗaya ya isa har da ragowa. Linta ta zagaye ginin gaba ɗaya da langa-langa a cikinta. Leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe don danshi, maganin gara a ramin tushe kafin a zuba kankare. Tagogin iska a can sama, kudu da arewa, da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Babu silin, don ɓera ya fi son tsakanin silin da kwano. Na sa ya yi mini bayanin kowane layi har na gane, domin zanen da mai gida bai iya karantawa ba, ba zai iya tsare magini a kansa ba.

Kafin in kai ko'ina na ɗauki zanen na shiga wurin maƙwabcina na baya, bayan sallar isha'i. Na nuna masa cewa ruwan rufin a cikin gidana zai zuba, ya bi ɗan lambatun siminti ya fita ta lungun gabas, ko ɗigo ba zai taɓa katangarmu ba. Ya duba tagar arewa ya tambayi tsawonta daga ƙasa, na ce ta fi ƙarfin kan mutum, ba mai leƙa masa gida ta nan. Ya ce, "Malam, ba komai, Allah ya sa alheri. Abu ɗaya dai, ran da kafintoci za su hau sama a aiko a faɗa, iyali su sani." Na ji daɗin wannan zama ƙwarai. Rigimar maƙwabta da yawa da ake kaiwa gaban mai unguwa a kan indararo ne da taga, kuma duk ana iya kashe ta tun gini yana kan takarda.

Batun izini shi ne inda na fi samun saɓanin baki. Abokan aiki suka ce ɗan sito a cikin gidanka wa zai tambaye ka? Mai zane ya ce gini ne na dindindin mai tushe, kuma dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta ce a nemi amincewa kafin a yi gini, don haka in je in ji daga bakin masu abin. Na tafi Hukumar Raya Birane ta Jihar Kebbi, wadda kowa ke kira KUDA, gabana na ɗan faɗuwa, don ina tsoron a ce sai an sake duba gidan gaba ɗaya. Na isa da hantsi, aka ce jami'an sashen sun fita duba filaye, aikinsu ke nan da safe. Na zauna a benci tare da wani mai son gina shaguna, har suka dawo wajen azahar. Wanda ya saurare ni ya buɗe zanen ya tambaya ko ɗakin kwana ne ko shago nake shirin mayar da shi daga baya. Na ce ajiya ce kawai. Ya ce to a rubuta haka ƙarara a jikin zanen. Ya lissafa mini abin da zan kawo: takardar neman izini, kwafin takardar fili, kwafin zanen gidan da aka amince da shi tun farko, da kwafe-kwafen sabon zanen wanda ya nuna inda siton zai zauna a cikin filin. Ya kuma ce ratar da aka bari tsakanin sito da katanga ta yi kaɗan, a ƙara ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, filin ne ƙarami." Ya ce ratar don ni aka yi ta: in wuta ta tashi, ko bango ya buƙaci gyara, ta ina za a bi? Mai zane ya gyara ya mayar da ita ƙafa 5, bai karɓi ko sisi ba saboda sharaɗinmu.

Wurin da na ɗan tsaya shi ne takardar fili, domin har yanzu sunan wanda ya sayar mini ne a jiki. Takardar cinikin da muka yi, mai sa hannun shaidu da mai unguwa, ita ta haɗa sunana da filin, sai da na koma gida na tono ta a cikin akwati. Duk wanda ya sayi fili hannu na biyu ya nemo tasa tun kafin ya fita. Da takardu suka cika aka buɗe fayil, aka yi lissafin kuɗi bisa girman ginin, na biya, na karɓi rasit, na yi masa kwafi na ajiye na asalin a gida. Bayan kwanaki jami'i ya zo duba wuri. Bai daɗe ba: ya auna rata, ya duba sokawe da hanyar ruwa, ya gwada da abin da ke takarda. Daga shigar da fayil zuwa karɓar zane mai hatimi an ɗauki 'yan makonni, kuma na yi ta leƙawa ina tambaya cikin girmamawa. Ran da na karɓa na ji wani nauyi ya sauka, don na sha ganin jan fenti a bangon mutane bayan sun kashe kuɗinsu.

Amfanin zanen ya ƙara fitowa wajen ciniki da magina. Na ba magina daban-daban kwafi iri ɗaya, na ce kowa ya rubuto kaya daban, kuɗin aiki daban. Wanda ya fi arha, da na bi lissafinsa layi-layi, ya cire leda, ya mayar da linta ta kan ƙofa kawai. Wani ya ƙara bulo fiye da ɗari a kan abin da zane ya nuna. Ba don takardar ba da ba ni da bakin magana, sai dai in ce a rage mini. Lissafin mai zane shi ne bulo inci 9 kimanin 120 na tushe, inci 6 kimanin 450 na bango, siminti buhu 35 har da daɓe da filasta, kwano bandir ɗaya. Tun da siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, duk da cewa a Kalambaina kusa da Sakkwato ake yin wanda muka fi amfani da shi, ba mai yin lissafin gini da ka. Jerin kayan ya ba ni damar saye kaɗan-kaɗan daga albashi: bulo da yashi a wannan wata, rodi da kwano a wancan, siminti kuwa sai dab da aiki don kada ya daskare. Bulo ma sai da na je inda ake bugawa na ɗaga ɗaya na sake shi daga ƙirji. Wanda ya ruguje ya zama gari, na wuce gaba.

Siton ya ga damina yanzu. Iskar farkon damina ta yaye kwano a wasu gidaje a unguwarmu, namu bai motsa ba, kuma na san langa-langar Baba ce. Ruwa ya kwanta a tsakar gida kamar yadda ya saba, bai kai bakin ƙofa ba. Da rana a bazara cikin yana ɗumi, ba zan ce yana da sanyin soro ba, amma iska na ratsawa kuma buhu a bushe yake. Da wani zai tambaye ni ta ina zai fara, sai in ce ya fara da tef da buhunansa, ya rubuta duk abin da zai shiga ciki da abin da bai kamata su haɗu ba. Ya tambayi matar gida inda ruwa ke bi, ta fi shi sani. Ya ga kafinta da tsohon magini kafin mai zane, don ya je masa da awon kasuwa da sanin iska a hannu. Ya shiga irin ginin da ake tallata masa da tsakar rana, ba da safe ba. Zanen ƙasashen waje a duba shi don a ga tsari da jerin kaya, amma abin da aka yi don ƙanƙara ba zai amsa tambayar gara ba. Kuma a kula da ƙananan abubuwan da ba sa fitowa a hoto: ratar ƙarƙashin ƙofa kada ta kai kaurin fensir, don ƙaramin ɓera na bi ta nan, shi ya sa na sa mai walda ya ƙara ƙarfe a gindin ƙofofin. Janareta kuma ban sa shi a ciki ba, kejin ƙarfe aka yi masa a waje, nesa da tagogin ɗakin kwana, saboda hayaƙinsa.

Wanda ke zaune a gidan gado da ba a raba ba, akwai matakin da ya riga duk waɗannan. Wani abokin aikina ya kai har wurin mai zane kafin yayyensa mata su ji labari, aka tsayar da maganar, kuma da gaskiyarsu, don sararin bayan gidan nasu ne su duka. Irin wannan sai a tara magada a faɗa musu girman ginin da wurinsa, a rubuta wanda ya kashe kuɗi da yadda za a yi da ginin ran rabo, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Ɗan haya kuwa ya karɓi yardar mai gida a rubuce, kuma ya tsaya a kan na ƙarfe da kwano wanda zai iya kwancewa, ya ɗaura masa zana daga waje ta gefen yamma don rage zafi.